Sabon Cok da Sunan Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma bari in faɗa tun yanzu kada wani ya riga ni: ni ne mai laifi. Injin bai yi komai ba, kamfanin da ya ƙera kayan bai yi komai ba, balle Kawu Sale.

Hatsi nake sayarwa a kasuwar Daura. Amma ina da wata lalura da matata Hajara ke kira ciwon ƙarfe. Wani ɗan tsohon injin fiƙe ƙarfe ne na saya na ajiye a shagon ƙofar gida, ba don neman abinci ba, don nishaɗi kawai. In na dawo daga kasuwa aka yi dace da wuta, sai in ɗaura guntun ƙarfe ya yi ta juyawa ina sassaƙa shi. Na yi wa maƙwabta mariƙin ƙofa, na yi wa wani kusar baro. (Duk abin da na iya a waya na kalla, amma in ka ji ni ina bayani sai ka rantse a Zariya na yi karatu.)

Bakin injin, wanda ke cafke ƙarfe da haƙora uku, shi masu aikin ke kira cok. Nawa ya tsufa, haƙoran sun cinye, sai na ba Kawu Sale sautun sabo. Ƙanin mahaifiyar Hajara ne, wato surukina. Sana'arsa ke nan, duk mako yana zuwa Kano ya sayo wa masu injin niƙa da masu ban-ruwa kayan gyara, daga nan har Baure da Mashi. Ba shi da shago. Jarinsa guda ɗaya ne: kowa ya san ba ya kawo jabu.

Cok ya iso a kwali, yana ƙyalli, jage-jage da giris. Ni kuma sarkin tsafta sai na zare haƙoran nan uku, na zuba kananzir a roba na jiƙa su.

Hajara ta leƙo. "Malam, wannan fa robar wanke shinkafata ce."

Na ce, "Aikin injiniyoyi ake yi, ki ba mu wuri."

Na ga wasu 'yan lambobi a jikin haƙoran. Na gan su da idona, ba zan yi ƙarya ba. Na ɗauka irin rubutun nan ne da kamfani ke bugawa don amfanin kansa. Na mayar da su, duk wanda hannuna ya fara kaiwa gare shi. Na ɗaura cok a kan faifansa, na ɗaure notuka uku tamau, na sa ƙarfe, na yi bismilla na kunna.

Sai ƙarfe ya kama rawa kamar tayar keken da mota ta taka.

Na kwance, na sake ɗaurewa. Na yanko gwangwanin madara na cusa ta gefe. Kwana biyu ina fama, rawa sai abin da ya ƙaru. A nan na yanke hukunci: Kawu ya kawo mini jabu.

To, kunyar suruki ba ta bar ni in je in faɗa masa a gabansa ba. Amma abin mamaki, kunyar nan ba ta hana ni faɗa a bayansa ba. Bayan la'asar, a majalisarmu ta gindin darbejiya, na ce, "Tsufa ya fara kama Kawu, 'yan Kano sun gano shi, tarkace suke tura masa." Na faɗi haka ga kuma Ɗanladi mai faci a zaune, mutumin da in ka ba shi labari da safe, kafin azahar labarin ya haye iyakar ƙasa ta Kongolam.

Ranar Juma'a Hajara ta dawo daga gidansu fuska a ɗaure. Ta ce wani mai niƙa daga Baure ya je ya janye sautunsa daga hannun Kawu, wai ya ji Kawu ko surukinsa ma bai ƙyale ba, jabu ya kawo masa.

Maimakon jikina ya yi sanyi, sai na ce, "Ni gaskiya na faɗa. In ana musu a zo a gani."

Ta kuwa isar da saƙon yadda yake.

Washegari da yamma sai ga Kawu a kan tsohon babur ɗinsa. Kafin ya kafe shi, Ɗanladi ya kwaso 'yan majalisa, shago ya cika. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na miƙe na kunna inji da ƙarfin gwiwa. Ƙarfe ya yi rawarsa. Har wani daɗi na ji.

Kawu ya ce, "Kashe." Ya ɗan duba. "Ka zare haƙoran nan ne?"

"Wanke su kawai na yi, Kawu."

"Da za ka mayar, wanne ka fara sawa?"

"Ai duk iri ɗaya ne."

Ya karɓi makullin cok, ya yi ta murzawa har haƙoran suka fito, ya jera su a kan benci. Ya ɗauki guda ya miƙo mini.

"Karanta mini, ni ban yi boko ba."

Na ce, "Uku."

Ya nuna ramin da ya zaro shi. "Nan fa?"

Ashe ramukan ma da lambarsu. Na ce, "Ɗaya," da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

Ya sa na ɗaya a ramin ɗaya, ya murza kaɗan, ya sa na biyu, ya murza, ya sa na uku. Haƙoran suka taho suka haɗu a tsakiya daidai. Ya ɗaura ƙarfen, ya ce in kunna. Wallahi yana juyawa amma sai ka ce a tsaye yake.

Ɗanladi ya dafe ciki. "Injiniya! Ashe ɗaya, biyu, uku ne suka kayar da kai? Gobe ka biyo 'yan aji ɗaya, akwai sauran benci!"

Shago ya kaure da dariya. Kawu kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Cok mai kyau ne, Allah ya sa albarka." Ya shiga ciki ya gaisa da Hajara, ya hau babur ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya dai shi ne, in abu ya ƙi zama daidai a hannuna, in fara binciken hannun tukuna.

Na roƙi Hajara ta ba shi haƙuri a madadina. Ta ce, "A ɗakina ka ɓata masa suna?" Don haka na hau mota zuwa Baure, na nemo mai niƙan nan, na faɗa masa komai, har ya ce zai mayar da sautunsa. Da na dawo na sa aka roƙi Kawu ya biyo ta majalisa bayan la'asar. Na tuɓe takalmi, na tsuguna a gabansa, ga Ɗanladi ya gyara zama.

Na ce, "Kawu, a nan na faɗa, a nan zan janye. Kayanka ba jabu ba ne, injiniyan ne jabu. Don Allah ka yafe mini."