Kashi Biyu Cikin Ɗari da Suka Kusa Cin Aikin Madam Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ko da ina so in manta, domin akwai mutane a Arlit da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini.

Ni mutumin Damagaram ne, aiki ya kawo ni arewa. Ina aiki a wata ƴar cibiyar koyar da sana'a, inda ake koya wa magidanta haɗa sola da gyaran wuta, yawancinsu waɗanda aka sallama daga aikin ma'adinai. A takarda, aikina kula da ɗakin na'urori ne: ordinater takwas, wato kwamfuta, majigi ɗaya, da akwatin intanet. A gari kuwa Injiniya ake ce mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. (Karatuna na wannan fanni wata shida ne a wani shago a Zinder, amma ba wanda ya tambaya.) Ba cika baki ba, na iya aikina. Wayar da ta sha ruwa, ordinater da ta ƙi tashi, hotunan biki da suka ɓace, duk hannuna suke zuwa. A fadarmu, inda muke zaman hira da abokai, in na iso, ba na jiran layin shayi.

Darussan da cibiyarmu ke taƙama da su na wani mutumin Agadez ne, Mushe Aghali (Mushe, wato Malam a bakin ƴan lekol), tsohon ma'aikacin wuta. Ya ɗauki bidiyo ashirin da huɗu kan haɗa famfon sola da gyaransa, da Hausa, dalla-dalla, yadda ko wanda bai shiga lekol ya yi boko ba zai gane. Ba ya sa su a intanet. Cibiyoyi yake ba izinin koyarwa da su, kowace da lambarta a kusurwar hoton, bisa sharaɗin kada su fita waje. Namu suna cikin kile guda, ɗan abin nan da ake sokawa a ordinater, kuma kilen yana aljihun teburin sakatariyarmu, Madam Hadiza. Ita ke fito da shi, ita ke mayarwa. Mace ce mai tsare gida, ba ta wasa da aiki, kuma tun da aka sallami mijinta albashinta ne ke riƙe da gidansu.

Wata rana da ta ba ni kilen don darasi, sai hikima ta zo mini: in kilen nan ya lalace fa? Na kwafe darussan duka na zuba a ordinater tawa, don tsaro. Ban gaya wa kowa ba, saboda a ganina Injiniya ba ya neman izinin sakatariya.

To, ni akwai ni da son kokowa. Na ji labarin wani bawan Allah ya tara tsoffin karawa na shekarun baya, waɗanda muka kalla a talabijin muna yara, ya sa a irin manhajar nan da mutane ke musayar fayil kai tsaye, daga na'urar wani zuwa ta wani. Yadda take aiki shi ne, ba daga wuri guda kake saukewa ba. Kana tsintar guntu-guntu daga wurin masu shi, wasu kuma na tsinta daga wurinka. Na sa manhajar a ordinater ta ofis, na fara saukewa, na je fada na yi alkawarin ranar Asabar za a sha kallo.

Abu ya tafi lafiya har kashi casa'in da takwas cikin ɗari, sai ya tsaya cik. Kwana ɗaya, kwana biyu, ko motsi. Na kashe na kunna. Na goge manhajar na sake sawa. Na ɗauki akwatin intanet na ɗora kan taga, daga nan na ɗora kan kabad, ina neman rezo, wato sigina, kamar mai neman ɓataccen akuya. Na shiga saitin akwatin na buɗe ƙofar da aka ce a buɗe. Asabar ta zo ta wuce, ƴan fada suka fara tambayata ko kokowar tana tahowa ne a kan raƙumi. Abin ya ci mini rai sosai, don ban saba a yi mini dariya kan aikina ba.

A ƙarshe na karanta a wani dandali cewa manhajar tana fifita mai bayarwa: in kana raba abu da yawa, kai ma sai a sa ka gaba a layi. Na ce ashe rowa ce ta tsayar da ni. Na shiga wurin da ake zaɓar abin da za a raba, maimakon in zaɓi dosiye ɗaya, wato jakar fayil guda, na danna a raba duk abin da ke cikin ordinater. Ko wannan ne ya yi aiki ko kuwa mai guntun da ya rage ne ya kunna na'urarsa, Allah masani, amma kafin la'asar abu ya cika ɗari. Na yi ta ba da labarin dabarar a fada har sau uku. Manhajar kuwa na bar ta, kullum in na kunna ordinater tana tashi da kanta a ɓoye, ni ban ma kula ba.

Bayan kamar mako uku, Mushe Aghali ya sauka daga motar Agadez bai sanar ba. Ya shiga ofishin Direkta, ya ajiye waya kan tebur. Wani direba da ke jigila zuwa mahaƙar zinariya ta Tchibarakaten ne ya nuna masa darussansa, yana ma yaba masa, wai a can kowane mai shagon tura waƙoƙi yana da su. Kuma a kusurwar hoton ga lambar cibiyarmu ɓaro-ɓaro.

Direkta, wani dattijo Bamaraɗe mai saurin fushi, bai tsaya dogon bincike ba. Kile ɗaya ne, a hannun mutum ɗaya yake. Ya ce wa Madam Hadiza gobe za a zauna, in ta tabbata daga wurinta ne, ta ajiye makullai ta tafi gida. Sannan ya kira ni ya ce, "Injiniya, kai ne ka san waɗannan abubuwa. Gobe ka duba na'urarta gaban kowa, ka gaya muna gaskiya."

Ka san abin da ya fi ba ni kunya? Ko kaɗan ban zargi kaina ba. Daɗi ma na ji. Na guge babbar rigata.

Da safe aka taru a ɗakin na'urori: Direkta, Mushe Aghali da rawaninsa, malamai biyu, da Madam Hadiza a kujerar ƙarshe, ta naɗe hannu, idanunta sun yi ja. An kawo ordinater tata an haɗa da majigi. Kafin a fara, Mushe Aghali ya yi magana a hankali, da Hausarsa ta mutanen Ayar, mai mayar da mace namiji.

"Shekara biyu ina wannan aiki. Matata shi ne ya riƙe mini kamara, cikin rana, bakin rijiya. Ban hana talaka ya koya ba. Amma a tambaye ni."

Maimakon in yi shiru in duba na'ura, sai na miƙe na gyara riga na yi lacca. Na bayyana musu cewa doka ba ta hana musayar fayil ba, abin da ta hana shi ne ka raba aikin wani ba da izininsa ba. Na ce wanda ya ɗauka yana da laifi, amma wanda ya buɗe ƙofa aka ɗauka ya fi shi. Na ce "ban sani ba" ba hujja ba ce. (Wannan jimlar har maimaita ta na yi, don na ga Direkta yana gyaɗa kai.) Da na ga magana tana shiga, sai na ƙara gishiri: na ce ko wane ne, ni a ganina kora ba ta isa ba, a kai shi komisariya wurin ƴan sanda ya yi bayani.

Na zauna na bincike ordinater ta Madam Hadiza ciki da waje. Wasiƙu, jerin sunayen ɗalibai, hotunan sunan jikar yayarta. Babu darasi ko ɗaya, babu alamar an tura wani abu.

Direkta ya ce, "Ai tana iya gogewa. Ko ta ba wani kilen ya kai waje."

Da na tsaya nan, da wataƙila har yau ba a san komi ba. Amma son a sani ya hana ni. Na ce bari in nuna musu a tawa yadda irin waɗannan ɓarayi ke yi, don su gane. Na koma teburina, na buɗe manhajar, ban kai ga haɗa wayar majigi ba, na danna shafin abubuwan da ake rabawa.

Ga su nan a jere. Darasi na ɗaya har na ashirin da huɗu, kowanne da ƴar kibiya a gefensa tana nuna sama, alamar daga wurina suke fita.

Ni kaɗai ke ganin allon, sauran suna kallon farin bango suna jiran hoto. Zan so in ce ban yi tunanin komi ba, amma ƙarya ne. Hannuna ya kai kan wurin rufewa. Dannawa ɗaya, in ce rezo ne ya ɗauke, kuma a Arlit ba wanda zai musa wannan. Sai na ɗaga kai na ga Madam Hadiza ta riga ta ciro makullan ofis daga jakarta, ta riƙe su a cinya, tana jiran a ce ta miƙa. Matar da ke ajiye mini ƙosai in na makara.

Na ɗauki wayar majigi na soka. Jerin ya fito a bango, manya-manya.

Direkta ya matso ya gyara tabarau. "Mi ke nan kuma?"

Na ce, "Alhaji, ɓarawon ke nan. Ordinater tawa ce. Ni na kwafe darussan ban gaya wa Madam ba, ni kuma na buɗe ƙofar."

"Garin yaya?"

Babu yadda za a faɗi amsar ta yi daɗi. Na ce, "Kokowa nake saukewa, ta tsaya a casa'in da takwas."

Ɗaya daga cikin malaman ya fita waje da sauri, na ji shi yana tari a baranda, kuma na san ba tari ba ne. Mushe Aghali ya taso ya tsaya gaban bangon, ya nuna layi na sha bakwai da yatsa.

"Wannan da yake motsi fa?"

Na ce, "Wani ne ke ɗauka."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Ya juyo ya dube ni. "To ka tsayar mana, Injiniya."

Wallahi duk tsawon lokacin nan ban tuna in tsayar ba. Na tsayar. Madam Hadiza ta mayar da makullanta cikin jaka, ta zuge, sannan ta yi maganarta ta farko tun safe, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Injiniya, komisariyar, a kira maka kabu-kabu ne ko da ƙafa za ka?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Ba a kai ni ba. Mushe Aghali ya ce tunda na faɗa da bakina alhali ina iya ɓoyewa, ba zai kai ƙara ba, amma da sharaɗi. Na bi shagunan tura waƙoƙi na Arlit ɗaya bayan ɗaya, da ƙafata, ina roƙon su goge darussan, kuma kowane shago sai na faɗi yadda aka yi suka fita. Wasu sun goge, wasu sun ce sun goge. Abin da ya riga ya kai Tchibarakaten kuwa ya tafi ke nan, kuma wannan hasarar tasa ce, ni na jawo masa. Har yau in na tuna ba na jin daɗi. Shi ya sa da ya fara ɗaukar sabbin darussa, ni nake zuwa Agadez in riƙe kamara cikin rana, matarsa ta huta.

Direkta ya ba Madam Hadiza haƙuri gaban kowa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ba. Ni ma na ba ta, sau biyu, har gida, gaban mijinta. Kuma zan faɗi gaskiya: a duk gyare-gyaren da na yi a garin nan, babu wanda nake alfahari da shi kamar soka wayar majigin nan. Kunyar ta yi yawa, amma matar tana kan kujerarta.

Sai dai an karɓe lambar sirrin intanet daga hannuna an ba ta. Yanzu kowace safiya sai in je in tsaya bakin teburinta, in gaishe ta, ta gama abin da take yi ba gaggawa, ta taso ta zo ɗakin na'urori. Kafin ta danna lambar sai ta ce, "Injiniya, juya ka kalli bango." Ni kuma in juya.

Abin da na koya shi ne, in an ce ka nemo mai laifi, fara duba na'urarka tukuna. In kuma bakinka ya matsu sai ka yanke masa hukunci, to ka yanke wanda kai ma za ka iya ɗauka.