Kwantenar Surukina

"Baba, wannan ai aikin minti biyar ne. Kafin shayinka ya huce na gama."

In ji mijin 'yata ke nan, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya, ni kuwa a bayan idonsa Sarkin Cika-Baki nake ce masa. Saurara ka yi mana alƙalanci, don ba zan haƙura ba sai ya tsaya gaban makaranta ya wanke ni da bakinsa.

Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da lissafi. Da na yi ritaya, wata tsohuwar ɗalibata ta haɗa mini ɗan shafin intanet mai tambayoyin jarrabawa ɗari shida. Abin da ya rage a zuba shi a kwantena, wato ƙunshi guda mai ɗauke da shafin da duk kayan aikinsa, sannan a ɗora shi a intanet. Na riga na yi wa shugabar makaranta alkawari ranar Litinin 'yan ajin ƙarshe za su fara gwaji da shi.

Gogan ya baje kwamfutarsa a teburin falo, ya danna. Jan rubutu ya cika fuskarta.

Na ce, "Me take cewa?"

"Baba, gwani ba ya karanta wannan. Surutun inji ne."

Na ɗora tabarau na karanta da kaina. "Cewa ta yi ba ta ga fayil ɗin tambayoyin ba. Ka tabbata jakar aikina ka buɗe a kwamfutar?"

"Haba Baba! Ni?"

Sai ya goge layin umarnin da ya jawo ƙorafin. Ya sake dannawa, wani jan ya fito, ya goge wancan layin ma. Layi goma sha ɗaya ne, ina zaune ya mayar da su uku. A zamanina, ɗalibin da ya goge tambaya don ta gagare shi ya san abin da zai tarar.

'Yata ta leƙo. "Injiniya, kofi na uku ke nan yana hucewa."

"Ke dai kawo na huɗu!"

Daga nan ya umarci kwamfuta ta kwashe duk abin da ke cikin jakar, kowane iri ne. Rubutu ya koma kore. Ya miƙe yana dukan ƙirji.

"Mu gwada mana," na ce.

"Kore ba ya ƙarya, Baba."

Ranar Litinin ɗalibai tamanin suka cika zauren taro. Shugaba ta yi jawabi, ta kira ni uban lissafi, aka haska shafin a bango.

Sai ga hoton surukina. Daga shi sai singileti, gaban madubi, ya ɗaga hannu yana nuna ƙwanji, ya tsuke tumbi iya ƙarfinsa, tumbin ya ƙi. Ashe tun farko a jakar hotunansa yake aiki. Na danna gaba, shi ne. Na sake dannawa, shi ne dai, ta gefe.

Can wata ɗaliba ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam, faɗinsa za mu nemo, ko kewayensa?"