Yadda Za Ka Taya 'Yarka Awon Lantarki Ba Tare da Ka Gane Komai Ba

Kai uban da 'yarsa ta dawo daga jami'a ta cika teburin falo da wayoyi, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan biyar. In ba a kira ka baban injiniya ba, a sake mini suna.

1. Gyaɗa kai

Za ta ce aikinta na kammala karatu shi ne auna turjiya, wato taurin kan da abu ke yi wa siginar rediyo, kuma jibi za ta kai wa malamai. Na'urar, wai ita gada, kamar sikeli ce: abin da aka sani a gefe guda, wanda ake aunawa a ɗayan, a yi ta murɗa maɓalli har su zo daidai. Ka ce, "Haka nake zato."

2. Riƙe kalma ɗaya

Ko maƙwabci ya tambaya, ka yi ajiyar zuciya ka ce, "Turjiyar ce da yawa." Mai ilimi ba ya cika baki.

3. Kada ka tausaya wa allura

Wani tela da na sani, ba ni ba, ya ga 'yarsa ta yi kwana uku tana murɗe-murɗe. Ranar da ta fita sayo waya, ya leƙa mita ya ga allura kwance a kan sifili. Yarinya ta sha wahala, a tashi da sifili? Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ɗan mari akwatin yadda yake yi wa rediyonsa. Allura ta miƙe. Ya koma kujera yana jiran godiya.

Ashe sifilin nan ake nema. Shi ne alamar awo ya yi daidai.

4. In an kama ka, ban da rantsuwa

"Baba, wa ya taɓa?"

"Taɓa me, Uwata? Ni da ko kusa ban je ba."

"Ga allin ɗinki a kan maɓallin. Shuɗi."

Matarsa daga kicin ta ce, "Ai injiniya biyu gare mu a gidan nan."

5. Ja da baya

Ta zauna sake saiti, ido ya ciko. Telan ya matso zai ba da haƙuri, allura ta karkata. Turjiya in ta yi yawa, ko hannu ka kawo kusa sai awo ya rikice.

"Baba, tumbinka na shiga lissafi. Matsa. Ƙara. Yauwa, nan."

Nan ɗin bakin ƙofa ne. Ya tsaya har la'asar, hannu a aljihu, yana hana kowa shiga, har da kyanwa.

Can ta ce, "Baba, sifili!"

Ya yi kabbara daga inda yake. Bai matso ba.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, ba ruwan marubuci. Shi ma har yanzu daga ƙofa ake miƙa masa abinci.