Faifai Wayam Daga Korgom

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da kunyar da na sha a Tasawa ba, shekarar da damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki.

Lokacin wata ƙungiyar agaji ta tura ni Korgom in kula da ordinatarta, wato kwamfuta, wadda ke ɗauke da bayanan rabon hatsi: wane ƙauye ya samu, wane gida ya rage. Ni baƙo ne a garin. Samarin da za mu yi hira duk sun tsallaka Najeriya neman abinci, dattawa kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kowa da abin da ya dame shi. Sai in yini ban buɗe baki ba in ba salla ba. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, yanzu ba na jin nauyin faɗa.

Ni na tsara yadda za a adana bayanan. Farkon wata in kwafe komai a faifai guda, daga nan kuma in riƙa kwafe abin da ya canja kawai. In ordinatar ta mutu, sai a ɗora babban kwafin, a bi shi da ƙananan ɗaya bayan ɗaya, komai ya dawo yadda yake. Tsari ne mai kyau, har gobe ina alfahari da shi. Sai dai na ƙara masa sharaɗi: kada faifai ya kwana ɗaki ɗaya da ordinatar, saboda gobara ko ɓarawo, dole a kai shi babban biro, wato ofishinmu, a Tasawa. (Wannan ma gaskiya ne a ilmance. Abin da ban faɗa ba shi ne, a ƙofar biron akwai inuwar bedi, akwai shayi, akwai mutanen da suka san sunana.)

Haka na riƙa hawa moto, wato babur, zuwa Tasawa kusan kullum, faifai a aljihu, in miƙa wa Madam Hadiza mai riƙe da makullin kabad, in nemi wuri kan benci. Ko gardamar kokawa ake yi, wadda ban san kanta ba, sai na tsoma baki.

Ana nan sai motocin hatsi suka daina zuwa. Ba a raba ko tiya ɗaya ba, don haka babu abin da ya canja a bayanan. Mai hankali da ya zauna ɗakinsa. Ni kuwa sai in sa sabon faifai, ordinatar ta yi 'yar ƙararta ta tofo shi, in rubuta kwanan wata da kyakkyawan rubutu, in kama hanya da fuskar mai babban aiki.

Rannan shef ɗinmu, wato shugaban aikin, ya zo Tasawa daga Maradi duba ayyuka. Babu wanda ya tambaye ni komai, wallahi ni da bakina na ce a ba ni dama in nuna yadda tsarina ke dawo da bayanai. Aka taru, aka haska allon ordinatar biron a bango, Madam Hadiza ta kawo fayafayan cikin kwali. Babban kwafi ya hau lafiya. Ƙananan farko ma haka, har shef yana gyaɗa kai. Sai muka iso kwanakin da hatsi ya yanke. Na sa faifai, wayam. Na sa na gaba, wayam. Amma na ƙi tsayawa, sai ƙara sa wani nake yi kamar mai jiran abin al'ajabi.

Shef ya cire tabarau. "Malam, mi ke cikin waɗanga?"

"Babu canji ne a ranakun, ranka shi daɗe."

"To mi kake kawowa Tasawa bisa moton aiki?"

Ina laluben wata kalmar Faransanci mai nauyi da zan ɓuya a bayanta, sai Madam Hadiza ta ce, cikin tausayi ba da mugunta ba, "Ranka shi daɗe, ai hira yake zuwa. Duk mun sani. Can ba shi da kowa."

Duk sun sani! Da dariya aka yi da ta fi mini sauƙi. Babu wanda ya yi, kowa ya sunkuyar da kai, ni kuma ina tsaye da faifai a hannu kamar wanda aka kama da cokali cikin tukunyar baƙi.

Shef bai yi faɗa ba. Ya ce tsarin ya yi, amma daga yau sau ɗaya a wata za a riƙa kawo fayafayan. Ni da kaina na san hukuncin daidai ne, kuma shi ya fi yi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, in kewar mutane ta dame ka, ka fito fili ka ce kewa ce. Kada ka sa na'ura ta yi maka shaida, don ba ta iya rufa asiri ba. Da na koma Korgom na gyara tsarin, ya daina cin faifai a banza. Ranar da ba a yi komai ba sai ordinatar ta rubuta mini a allo, "Babu canji." Ni kuma in ce mata, "Na sani."