Yadda Aka Fito da Wiwi Tsakar Gida

Merle, wadda muke buga kati tare ran Laraba, ita ta fara ba ni labarin nan. Danga ɗaya ce tsakaninta da mai shi, don haka a kan idonta aka yi komai.

Wani ne a nan unguwarmu ta Kambah da ke Canberra, bawan Allah, ba ruwansa da kowa, sai dai ko albasa bai taɓa rayawa ba. Da aka ce a Canberra baligi na iya shuka wiwi guda biyu a gidansa, sai ya ga ai da shi ake. Ya faɗa wa abokansa na kulob, suka yi masa dariya har da buga tebur. Ya rantse kafin Ista zai kawo girbinsa su gani da idonsu. Ya samo iri, ya shuka a bokitai biyu, ya jera su a tagar banɗaki. Duk tsawon sanyin nan hitar falo tana wurinsu, matarsa Glenda tana kallon talabijin cikin bargo.

Ran nan Glenda ta fito wanka da ganye a kunne.

"Maigida, ko su fita tsakar gida, ko ni in koma gidan yayata. Zaɓi."

Ya dubi bokitan, ya dube ta, ya sake duban bokitan.

"Tunani kake yi?"

"A'a, a'a. Ina lissafin inda zan sa su ne."

Tsakar gidan kuwa, in ka shimfiɗa bargo ka gama da ita. Shanya ce ta ƙarfe mai juyawa kamar lema a tsakiya, sai murhun gashi, sai tumatirin Glenda. Ya leƙa ta kan danga ya nemi shawarar Merle.

Ta ce, "Ɗana, mu nan ba a fitar da shuka sai an yi tseren dawakin Melbourne a watan Nuwamba, lokacin da sanyinmu ke wucewa. Kafin nan sanyin asuba zai ƙone ta. In ka fito da su kuma, kada ka jefa su rana kai tsaye. Ka bi da su kamar yara."

Ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Ranar tseren, kowa na gaban talabijin yana ihu, shi yana tsaye bakin ƙofa da bokiti a kowace hammata.

"Glenda, sun iso?"

"Ko tashi ba su yi ba."

"In na farko ya taka layi ki gaya mini."

Doki na taka layi ya fita a guje, ya dire su. Ya duba sama ya ga rana ta take. To, yaya ake fitar da yaro rana a ƙasar nan? Hula da man kare fata daga rana. Ko a makaranta in ba ka da hula ba ka wasa. Ya ɗauko hular kamun kifinsa ya kifa wa babbar, ya matso mai ya shafe ta ganye bayan ganye, gaba da baya. Man ya ƙare kafin ya zo kan ƙaramar.

Bayan kwana biyu babbar ta yi baƙi ta kwanta. Merle ta leƙo.

"Me ka yi mata?"

"Abin da kika ce, Mama Merle. Mai tsadar ma na shafa, wanda ruwa ba ya wankewa."

"Ƙaramar fa?"

"Ita ba ta samu ba, baiwar Allah."

"To ka ci gaba da hana ta."

Saura ɗaya ke nan. Wata safiya ya fito ya tarar fosam, dabban nan mai kama da gafiya, ya sauko daga rufi ya yi mata aski gefe guda, ya bar masa 'yar tsaraba a bakin bokiti. Hankalinsa ya tashi. Ya kwashe kayan Glenda daga shanya, ya rataye bokitin a can sama, yana cewa ga tsaro, ga rana ta kowane gefe. Sai iska ta taso. Shanya ta kama juyi, bokiti na bin ta, shi yana bin bokiti da butar ban-ruwa. Fararen akun nan masu tukku suka ga lilo kyauta, suka sauka su goma sha, suna ihu suna tsinkar ganye.

Glenda ta tsaya da kwandon wanki a kwankwaso.

"A ina zan shanya?"

"Ki ɗan yi haƙuri zuwa Ista."

Ta dube shi, ta dubi kwandon, ta juye masa shi a kujerar da yake zama.

Ƙarshe dai ya sauke ta ƙasa, ya kewaye da ragar kaji har sama. Wuri bai isa ba, ya kyautar da murhun gashin, Kirsimeti ta zo suka soya tsiran nama a kasko kamar marasa gata. Shuka kuwa, da aka daina taimakonta, sai ta miƙe. Ta wuce ƙugunsa, ta wuce kafaɗarsa, ta leƙa gidan Merle. Yana zama gaban shukar da yamma yana kallo, har hotonta ya kai kulob.

Da ta fara fitar da wasu 'yan ƙwallaye a gindin ganye, ya kira Merle da murna.

"Mama Merle, zo ki ga, ta fara."

Merle ta saka tabarau, ta ɗaga reshe, ta daɗe tana dubawa.

"Ɗana, wa ya ba ka irin nan?"

"Aboki ne. Lafiya?"

"Wannan namiji ne. Abin da ake girba a jikin ta mace yake fitowa. Shi wannan sai tsawo da baza gari a iska."

"Ko kaɗan ba zai yi ba?"

"Ko ka kai shi Ista goma."

"To ita wadda ta mutu fa?"

"Wa ya sani? Ka shafe ta da mai kafin ta faɗa."

Ya zauna a kan bokitin da babu komai a ciki. Ranar ko shayi bai sha ba. Ya ce gari na wayewa zai sare shi ya cusa a koren kwandon shara, kulob kuma sai dai ya canza wani.

Washegari da safe ya fito da zarto, ya tarar Glenda ta riga shi. Ta yage ragar kajin, ta durƙusa da tsohuwar safa a hannu, tana ɗaure rassan tumatirinta a jikin karan.

"Glenda, matsa in sare shi. Namiji ne, ba shi da amfani."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ƙara ƙulli.

"Bar shi ya riƙe mini tumatir. A ce dai an samu namiji ɗaya a gidan nan da ke tsaye yana aiki."