Damon Mahmiyya

Mijin 'yata ya kai mu shan iska dajin bayan Dubai. A ƙofa na karanta allo da ɗan larabcina na islamiyyar matan aure, na sanar da kowa: "Mahmiyya, sunan ƙauyen ke nan." Ashe gandu ne da aka hana farauta.

Ina ganin damo, ni 'yar maharbi, na rufe shi da mayafi na cusa a jaka, har na fara jin ƙamshin farfesu. Sai ga motar masu gadi.

Surukina ya ga jaka na motsi, ya leƙa. Gumi ya karyo masa.

"Hajiya, don Allah," ya ce ƙasa-ƙasa, "bizata za a soke."

Na durƙusa kamar mai gyara takalmi, na zazzage damon. Ya shige rami, masu gadi suka wuce.

Har yau in na kira waya, jikokina ihu suke wa uwarsu: "Umma, ga Sarkin Baka!"