Kututturen da Ke Cikin Hotona

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haska hoton da na ɗauka a bangon aji ba.

Na shiga makarantar manya a Filinge da furfura a gemu. Ban damu da dariyar 'yan kasuwa ba, ni mutum ne mai haƙuri. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Matata Rabi ta dawo daga ƙauyensu, can wajen Tabla, ta ce Inna, wato mahaifiyarta, ta tambaya ko gonata ta ƙare ne da har na samu lokacin zaman benci kamar yaro. Tun daga ranar na ƙudura sai na nuna wa Inna cewa karatuna ba zaman banza ba ne.

Da damina sai aka kawo mana wata baƙuwa daga Yamai, Malama Zuwera, wadda aikinta raka masu yawon buɗe ido cikin daji su ɗauki hoto. Ta koya mana abubuwan da ban taɓa tunani ba. Kada ka raba sama da ƙasa daidai a tsakiya. Kada ka ɗauka da rana tsaka, jira hasken safe. Kuma ka samu wani abu a gaba, ko itace ko dutse, wanda ido zai fara sauka a kansa kafin ya tafi nesa. Wannan na ƙarshen na riƙe shi da hannu biyu.

Da za a fita gwaji, ina aka zaɓa? Bayan ƙauyen su Rabi. Muka isa da sassafe, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana tururi. Ga jan dutse can nesa, ga gero kore shar, ga gizagizai rana tana ƙoƙarin ratsa su. Kowa ya kama ƙyas ƙyas da salula, ni kuwa na ware gefe ina neman abin da zan sa a gaba. Can cikin tururin na hango wani baƙin abu a karkace. Na ce alhamdu lillahi, kututture. Na durƙusa, na daidaita shi a gefen hagu, na kafa ido ga sama ina jiran haske (sama kawai nake kallo, ku riƙe wannan). Rana na fitowa na danna. Malama ta duba ta ce, "Baba, kana da ido." Ranar ko abincin rana ban nema ba.

Sai aka ce za a nuna hotunan a lakwal ɗin ƙauyen, wato makarantar boko, don mutanen gari su ga ƙasarsu. Na sa babbar riga. Aka rufe tagogi, aji ya cika, maza gaba, mata baya. Rabi ta raɗa mini cewa Inna ta zo. Ban waiwaya ba. A nan sai in yi wa wanda bai san mu ba bayani: tunda na auri Rabi ban taɓa ɗaga ido na kalli Inna sosai ba. In na hango ta a hanya, kaucewa nake. In gaisuwa ta kama, na tuɓe takalmi, na durƙusa, idona a ƙasa. Muryarta na sani, da yatsun ƙafarta.

Tsarin shi ne, mai hoto ya tashi ya faɗi yadda ya tsara shi, sannan jama'a su yi sharhi. Aka nuna na Hamidu, abokin zamana a benci, na tashi na ce sama ta yi yawa a ciki, raƙuminsa kuma ba kai. Aka yi dariya, na ji daɗi. Sai nawa ya fito, ya cika bango. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe haka garinmu shike da kyau?"

Na gyara murya, na ɗaga ta yadda za ta kai layin baya. Na yi bayanin haske. Na yi bayanin dutse. Da na tsaya nan, da na fita da mutuncina. Amma na ɗauki sandar malami na ɗora a kan baƙin abin nan.

"Kun ga wanga tsohon kututture? Da gangan na sa shi. Ya bushe, ya karkace, ba shi da wani amfani, ko gara ta gama da shi. To muninsa shi ya fito da kyawun dutsen. In babu mummuna a gaba, ba a gane kyakkyawa a baya."

Har na ƙara da cewa na daɗe ban ga abin da ya tsufa haka ba.

Hamidu, wanda ke jiran ramuwa, ya matso kusa da bango ya ƙanƙance ido. "Malama, ƙara muna girman wajen nan. Ni dai ban taɓa ganin kututture da kwando ba."

Malama ta ja hoton. Abin ya girma. Kwando ya fito. Hannu ya fito, riƙe da ganyen tafasa. Sai baƙin zane mai ratsin fari. Daga layin baya wata mata ta yi salati da ƙarfi, ta ce, "Wallahi Innar Rabi ce! Ga zanen nan ma jikinta!"

Jama'a, ban san sanda tana da nauyi ba sai ranar. Ta faɗi daga hannuna. Babu wanda ya yi dariya da farko. Rabi ta rufe fuska da mayafi. Malama Zuwera ta rikice tana neman sauya hoto, sai ta ƙara masa girma, fuskar Inna ta cika bango. Karo na farko ke nan da na ga fuskar surukata da kyau, kuma gaban gari duka.

Sai na ji muryar da na sani. Ba da ni ta yi ba, don ba ta magana da ni kai tsaye a cikin mutane.

"Rabi, ce ma mai gidanki kututture na gaishe shi. Ce mishi gara ba ta gama ba tukuna."

Nan ajin ya fashe. Hamidu har da kwanciya a benci. Ni dai na tsinci kaina a waje, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ban san inda yake ba.

Washegari na tura ƙanen mahaifina wurin Inna da goro da turmin zane ya ba da haƙuri. Ya dawo yana danne dariya. Ya ce ta karɓi goro, ta karɓi zane, kuma tana so a wanke mata hoton babba, don ba a taɓa ɗaukarta a gona ba. Game da makaranta kuwa, ta ce kada in kuskura in bari, wai mutumin da bai iya bambanta tsohuwa da itace ba, zaman benci ya kama shi.

Ina nan ina zuwa aji, ina kuma ɗaukar hoto. Sai dai yanzu duk kyawun haske, ba na dannawa sai na taka har wurin abin da ke gabana na yi masa sallama. Makon jiya Hamidu ya same ni ina gaida suri.